Gangaren Baro

Duk wanda ya taɓa kai faci bakin tashar jirgi a Funtuwa ya san Uzoma mai gyaran keke. Bayan yaƙin basasa ya dawo garin, shi da matarsa Bridget da akwatin sifana ɗaya. Mutum ne mai surutun tsiya, kafin ya ɗaure maka sarƙa sai ka ji tarihin kakansa. Amma shekarar da ɓarin jikin Bridget ya shanye, sai bakin Uzoma ya mutu.

Da hannunsa ya haɗa mata keken guragu, da tsofaffin tayoyi da kujerar katako. Keken ya kai ta ko'ina ban da inda take so. Cocinsu tsohuwa ce, ma'aikatan reluwe suka gina ta kan dakali mai tsawo saboda ruwan damina, ba a shiga sai ta matakala. Matar da ta shekara da shekaru tana jan waƙa a ciki, sai dai ta ji ƙararrawa daga gida. A ɗauke ta a shigar da ita kuwa, ta ce ko kusa.

Ana nan dattawan coci suka tashi gyara. Za a sake kwano, a faɗaɗa zaure don ajin yaƙi da jahilci da awon jarirai. Maginin da aka ɗauko, Malam Maitama daga Maska, ya zuba jar ƙasa gefen matakala, ya daɓe ta, don leburori su riƙa tura baro. Uzoma na ganin gangaren nan, ran Lahadi ya tura matarsa har gaban mawaƙa. Rabin rufi a buɗe, ƙurar siminti ko'ina, Bridget ta yi waƙa da rabin baki, shi kuwa ya sha kuka.

Haka suka yi rani guda. Ya roƙi dattawa a bar gangaren, a shafe shi da siminti. Suka ce ai maganarsa gaskiya ce, za a duba. Kowa ya san ma'anar za a duba, shi ma ya sani, amma me zai yi?

Ana gobe bikin buɗewa aka ce manyan baƙi na tafe, a kwashe tarkace har da gangaren. Maitama ya zo rumfar Uzoma da kansa.

"Oga Uzoma, wallahi na faɗa musu. Ni aikin da aka sa ni nake yi."

Da safe Uzoma ya turo Bridget cikin sabon zane. Matakala ta sha fenti, inda gangaren yake an share tas. Ya tsaya da keken a gindin matakala. Samari huɗu suka sauko da ladabi, kowa ya kama gefe.

"Mama, bari mu ɗaga ki."

Bridget ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku sake ni, 'ya'yana. Akwai ranar da mutum huɗu za su shigar da ni nan a kafaɗa, ba sai na ce muku ba." Ta juya wajen mijinta. "Maigida, mu je gida."