Kaset ɗin ƙanena

Shekarar da iska ta tumɓuke bishiyoyin London aka ɗaure ƙanena, kan wata rigima a ƙofar gidan rawa. Ni ina wankin kwanuka a wani gidan abinci a Old Kent Road, ban iya karatu ba. Da Inna a Kano da kaset muke magana: in ɗauki muryata in ba mai tafiya gida, su ma su ɗauko tasu su aiko. Ban taɓa gaya mata yana gidan yari ba. Nakan ce aiki ya yi masa yawa.

Wata ziyara na tarar da shi yana ta washe baki. Ya ce sun haɗa ƙungiyar waƙa da wasu fursunoni 'yan Jamaika, irin waƙar baƙaƙen Amurka da ake kira soul, ba ganga ba garaya, murya zalla. Wani malamin kiɗa mai zuwa koya musu ya ɗauke su a kaset.

Na ce, "Kai da ko kiran salla ba ka iya ba?"

"Yaya, ka dai saurara. In kowa ya yi shiru aka bar siririyar murya, ni ne."

Ma'aikatan gidan yarin suka ba ni kaset ɗin a ƙofa. Na saurara a ɗakina. Maza suna jan murya a hankali, kamar masu ɗaukar kaya mai nauyi tare. Sai suka yi shiru, ya shigo. Shi ne.

Na ba wata Hajiya mai fataucin leshi ta kai wa Inna, na ce ta gaya mata muryar autanta na ciki. Hajiya ta ba direba, saƙon baki ya tsaya a hanya.

Da sanyi ya shigo, ciwon ƙirji ya kama shi, ya rasu a asibiti. Muka yi masa salla, muka rufe shi. Ban yi kuka ba. Washegari na koma wanki.

Bayan Salla Hajiya ta dawo min da kaset ɗin. A gida ba a sayen sabo, kan wanda ka aika ake ɗaukar amsa. Na danna. Kukan akuya, sai Inna. Labarin rasuwar bai kai mata ba.

"Mun ji waƙar Turawan da ka aiko, ba mu gane ba. Ka sa ɗan'uwanka ya yi min magana ko sau ɗaya."

Daga nan ƙannenta da maƙwabta suka bi layi suna gaisuwa, har suka cinye gefe biyun.

Na nemi malamin kiɗan, aka ce ya bar aikin. Yanzu ina zuwa ajin manya a Woolwich, na iya rubuta "kada a goge" a jikin kaset.

Dā waƙa shida ce a kaset ɗin. A uku yana da wurin da yake shi kaɗai. Babu ko ɗaya da ta rage.