Gangar da aka kaɗa wa Hamisu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye gaban allo, alli a hannuna, waya ta dinga ruri a cikin jaka. Na fita bayan aji na ɗauka. Hamisu ya rasu.

Hamisu ɗan Gwaggo Hajo, taubashina, wanda kuke sa hotonsa kuna rubuta "shampiyonmu" a ƙasa. An same shi a ɗakinsa na otel a Maroko bai farka ba, ranar da zai shiga gasa. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya.

Iya abin da na sani ke nan. Masu cika mini waya da "me ya kashe shi", ku dakata haka nan.

Kuma tun kafin wani ya zo ya yi mini wa'azi: na san ajali, na san ba ya jinkiri kuma ba ya gaggawa. Amma sanin ajali bai hana a faɗi abin da aka yi wa mutum yana da rai ba. Yau zan faɗa, mai fushi ya yi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, yaron ƙauyenmu ne, can bayan Buza cikin duwatsun Adar. Ya bar karatun lakwal ya tafi Yamai cin rani kamar kowa, ya samu aikin ɗaukar wa masu hali jakar sanduna a filin golf. In sun watse sai ya ɗauki tsohuwar sanda ya yi ta gwadawa shi kaɗai. Wani a cikinsu ya gan shi, ya tsaya masa. Kafin mu ankara ana kiran sunansa a rediyo, yau Abijan, gobe Maroko.

A ƙauye ba wanda ya taɓa ganin wasan. Tsofaffi cewa suke yana korar ƙwan zabo da sanda har ya faɗa rami, kuma wai biyansa ake. Ni kuwa na samu abin tsokana. In ya kira ni sai in ce, "Bawana, ƙwai nawa ka kora yau?" Shi kuma ya ce, "Madam mai alli, ke dai ci gaba da shan ƙurar allo."

Shekarar da iska ta kwashe mini ajin zana, yana gida hutu na ɗan lokaci. Ban gaya masa ba. Na zo da safe na tarar da shi a saman itace, igiya a baki, yana ɗaure sababbin zana. Da na yi godiya ya ce ba don ni ya yi ba, don yara ne, ni ko rana ta gasa ni ba abin da ya dame shi.

Haka yake. Bai iya alheri ba tare da tsokana ba.

Shi ya gaya mini golf wasan shiru ne. In mutum zai buga ko tari ba a yi. Kuma kai kaɗai ne, ba abokan wasa da za ku raba laifi. In ka ɓata, ka ɓata da sunanka, da na garinku, da na ƙasarka.

Mu kuwa a nan muka buɗe masa gurup a waya. Mutanen da ba su san ta ina ake riƙe sandar ba duk suka zama masu koyarwa. Ya ci, a kwana ana yabo. Ya faɗi, a cika masa kunne da vokal, saƙon murya kan saƙon murya: me ya faru, ka ba mu kunya, 'yan wani gari suna mana dariya a kasuwa. Yaro yana ƙasar mutane, ba uwa ba ɗan'uwa, ya dawo ɗaki a gajiye ya tarar da garinsu kaf a cikin wayarsa suna jiran bayani.

Bara hannunsa ya fara rawa.

Ba a bugu mai nisa ba. A ɗan ƙaramin nan na kusa da rami, wanda ya ce ko yaron ajina zai iya. Ƙwallo ga ta, rami ga shi, hannu ya ƙi. Barci ya gudu, abinci ba ya zama masa a ciki ranar wasa. Likitan can ya ce masa ya ajiye sanda ya huta, hutu na sosai, in ba haka ba jikin zai ajiye shi da kansa.

Ya ji magana. Ya sanar cewa ya dakata da gasa, ya fita daga gurup, ya dawo gida bayan an gama girbi.

Laifinsa ke nan. Ya dawo a lokacin da ba a dawowa.

Duk ɗan Adar ya san abin da nake nufi. Da an ɗaure damman hatsi na ƙarshe samari sun kama hanya, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu wurin zinariya. Gari ya koma na mata da tsofaffi da yara sai an ga hadari. Namiji mai ƙarfi da aka gani yana rani a gida, ko dai ciwo ya kayar da shi ko dai lalacewa ce. Hamisu kuwa ga shi da ƙafafunsa, ba rauni ba zazzaɓi. Ciwon da ba a ɗaure shi da bandeji ba, a wurinmu ba ciwo ba ne.

Bai zauna ba, kada ku ce zaman kashe wando ya yi. Ya shiga cikin mata masu jera duwatsu a gonaki don tare ruwa, ya gyara gonar marigayi babansa da zaizaya ta cinye, ya haƙa ramukan shuka ya zuba taki. Yana kora wa Gwaggo jaki zuwa rijiya. Na je ƙauye na same shi ya yi baƙi ya yi ƙiba, yana cin tuwo kamar an aiko shi. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce, "Hadiza, yanzu shina kwana. Har minshari shi ka yi." Ta faɗa tana murna kamar an yi mata bushara da Makka.

Amma bakin mutane bai kwana ba. Wai korarsa aka yi. Wai ƙwaya yake sha. Wai an yi masa sammu. Wata a bakin rijiya ta ce hannun da Turawa ke tafa wa ne yau yake ɗaukar dutse da mata, tir.

Sai Alhaji Mamman ya taso daga Yamai, ƙanen babansa, shugaban ƙungiyar 'yan garinmu a can. Tun da Hamisu ya yi suna, Alhaji ya samu kujerar gaba a kowane taro. Ya zaunar da shi a zaure ya ce masu ɗaukar nauyinsa sun gaji da jira, akwai gasa kafin damina, in bai je ba za su ɗauki wani.

Hamisu ya ce, "Baba, ku bar ni in yi damana guda. In na ga hatcin ga ya nuna, ni da kaina ni ka komawa."

Damina ɗaya ya roƙa. Bai ce ya bari ba.

Alhaji bai yi gardama ba, ya tashi ya fita. Ya san inda zai taɓa.

Baban Hamisu, marigayi Illo, ɗan kokowa ne da aka sani a duk yankinmu. Kuma kun san al'adar: ɗan kokowa in an kaɗa takensa a gaban jama'a bai miƙe ba, ya gama, shi da gidansu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina gidan, sai muka ji ganga a ƙofa. Alhaji ya ɗauko tsohon makaɗin Illo a mota, ya tara gari. Taken uban aka kaɗa wa ɗan.

Makaɗi yana cewa, "Ina ɗan Illo? Illo bai taɓa kwana da kira ba. Tashi ɗan Illo, namiji ba shi rani cikin mata."

Mata na guɗa, yara na tsalle. Wallahi yawancinsu da zuciya ɗaya suka zo, sun ɗauka magani suke masa. A tunaninsu tsoro ne ya kama shi, kuma maganin tsoron ɗan wasa ganga. Mutumin da hayaniya ta kora gida, aka bi shi har ƙofar uwarsa da kiɗa.

Gwaggo ta fita ko mayafi ba ta gyara ba. Ta ce, "Alhaji, don Allah ku bar min ɗana. Ba shi da lahiya."

Alhaji ya ce, "Mi ad da shi? Ga shi nan ya hi ni ƙiba. Ke koma ciki, wagga magana ta maza ta."

Ina kallon Hamisu a tsakar gida, yana zaune kan turmi, ya matse hannayensa tsakanin gwiwoyi. Duk lokacin da aka kira sunan babansa sai ya runtse ido. Na ce masa kada ka fita, su kaɗa har fatar ta fashe. Ya ce, "Hadiza, sunan Baba na su ka kira." Ya tashi ya fita. Gari ya ɗauki sowa, aka ɗaga hannunsa sama, wani ya ɗauki bidiyo. Da yawa cikinku kun gani, kun sa masa alamar zuciya da ta wuta a ƙasa. Ku koma ku dubi fuskarsa a bidiyon nan.

Ganina da shi na ƙarshe a tashar Madawa ne, zai hau motar Yamai. Na saya masa shayi. Ya karɓi kofin da hannu biyu, duk da haka sai da ya zube masa a wando. Ya yi dariya ya ce kada in gaya wa kowa shampiyo bai iya shan shayi ba.

Ni ban yi dariya ba. Na ce mu juya, in ɓoye ka a gidana a Buza, mai ganga ya zo ya same ni.

Ya ce, "Taubashiya, ba tsoro ni ka ji ba. Gajiya ta. Amma in na ce musu na gaji, sai su ce da mi?"

Ya sa ni alkawarin in riƙa leƙa Gwaggo. Ya shiga mota, ya leƙo ta taga ya ce in rage shan ƙurar allo.

Yau tun hantsi nake ganin rubuce-rubuce. "Gwarzo ya faɗi a fagen fama." "Adar ta yi rashi." Wanda ya ce ƙwaya yake sha, shi ya fi kowa dogon rubutu. Har an fara maganar a sa wa wani kofi sunansa. Ihu bayan hari. Ba fagen fama ya faɗi ba, a ɗakin haya ya mutu shi kaɗai, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bayan uwarsa ta faɗa muku da bakinta cewa ba shi da lafiya. Kun so shampiyo, ba ku so Hamisu ba. Ina jin haushinku, kuma ba zan ɓoye ba don ana zaman makoki.

Wanda ke da ɗan wasa a gidansu, ɗan kokowa ne, ɗan ƙwallo ne, mai gudu ne, in ya ce ya gaji ku yarda da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga ƙauye nake wannan rubutu. Ɗazu Alhaji ya kira, aka sa wayar a kunnen Gwaggo. Ya ce ɗauko gawa daga can abu ne mai tsawo, malamai sun ce kada a jinkirta, za a yi masa sutura a Maroko bayan la'asar. Akwai Musulmin kirki a can da za su sallace shi.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To Alhaji. Damana guda yar roƙe ku, kunka hana. Yanzu ko kushewa tai ba ku bar min ba." Ta miƙa mini wayar ta shiga ɗaki.

Ya Allah, Hamisu baƙo ne a ƙasar da za a binne shi, Ka zame masa gata. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da babansa a Aljanna Firdausi. Ka sanyaya zuciyar Gwaggo Hajo, Ka ba ta haƙurin da mu ba mu da shi.

Duk wanda ya karanta, ba na son sitika. In kun idar da la'asar ku ɗaga hannu ku kira sunansa, Hamisu ɗan Hajo, don a daidai lokacin ne za a sa shi a ƙasa, kuma ba ko ɗayanmu a wurin.