Yashin da Yaya ta zuba mana

'Yata ta uku makauniya ce, haka aka haife ta. Ba don a tausaya mini na faɗa ba. Na gaji da masu tausayi, su ne ma suka fi cutar da ita.

Gidanmu a Gadarif bukka biyu ne da rakuba, rumfar da muke shan inuwa. Tun tana ƙarama yarinyar nan gudu take yi a tsakar gida, gudu sosai, ba lalube ba, kuma ba ta yarda da takalmi. Ƙasarmu baƙa ce, da rani ya kama sai ta tsattsage, to tsagar nan ita ce hanyarta. Akwai wata doguwa da ta tashi daga ƙofar bukka ta nufi randa. Inda uwarta ke zubar da ruwan wanke-wanke ƙasa ta yi sumul, da ƙafarta ta taɓa wurin ta san murhu na kusa, sai ta kauce. Randar kuma tana ɗiga cikin kwano, kunnenta na kan ɗigon. Na taɓa tambayarta yadda gidan yake a ranta. Ta ce, "Baba, kowane abu da maƙwabcinsa. Randa maƙwabciyar turmi ce." Ban nemi ƙari ba.

Wata shekara ina can Gadambaliya wajen yankan riɗi, yayata ta zo daga Hawata yi mana Sallah. Mace ce da ba ta iya ganin abu a ajiye ta ƙyale shi. Ta ce gidan ƙaninta ya zama kango, ta sa mai karo, wato amalanken jaki, ya sauke yashi aka baje tsakar gida, yadda ake yi idan ana son baƙi su yaba. Ta mayar da randa ƙarƙashin rakuba, ta tura turmi bayan bukka, ta jera gadaje kamar asibiti.

Na dawo na tarar da gida fes, yarinya kuma zaune a tabarma, gwiwarta da ƙuna. Garwashi ta taka ta faɗi a bakin murhu. Ko ban-ɗaki sai an riƙe hannunta.

Yaya ta tarye ni da fara'a. "Ka ga gidanka kuwa? Yanzu ya zama na mutane."

Na ce, "Yaya, wa ya zaunar da ita?"

"Miskina, ai zama ya fi mata. Da can Allah ne kawai ke tsare ta. Ka ba ni ita mu tafi Hawata, ba abin da za ta nema ta rasa, har bakinta zan kai mata."

"Tunkiyar layya ma har bakinta ake kai mata."

"Kai dai bakinka ba ya gyaruwa. Daga na yi muku alheri?"

Ko hutawa ban yi ba na ɗauki shebur na shiga kwashe yashi ina watsawa waje, maƙwabta na leƙe ta katanga suna cewa rana ta taɓa ni a gona. Su ma masu ido ne. Yaya ta ɗaure kayanta washegari, ta ce ba ta ƙara taka gidan da ake mayar da alheri shara. Na raka ta tasha.

Amma yashi ya riga ya cike tsagar, tsintsiya ba ta fitar da shi. Na mayar da randa inda nake zaton take. Yarinyar ta tsaya a ƙofar bukka, ta karkata kai tana sauraron ɗigo, ta ce, "Baba, ba nan ba ne. Ta yi nisa da turmi." Na ja, ta ce na wuce. Haka muka yi ta yi har ta ce halas, ya yi daidai.

Ba ta koma gudu ba sai da damina ta wuce, ƙasa ta bushe ta yi sabuwar tsaga. Ta bi ta da tafin ƙafa sannu a hankali, ta sake haddace gidan daga farko. Har yau idan ta zo kusa da murhu takan tsaya ta miƙa ƙafa ɗaya gaba, abin da da ba ta yi. Yaya kuwa tana can tana ba mutane labarin yadda ta gyara mana gida muka ɓata.