Oom Awie Ya Ajiye Allinsa

Ƙarfe shida saura kwata Oom Awie Galant, wato Kawu Awie da yaren nan, yake fitowa daga gidansa, na huɗu a jerin gidajen ma'aikata, da hular ulu a ka, da gwangwanin abinci a hammata. Burodi ne a ciki da busasshen kifi, kullum su ne. Ba ya shan gahawa kafin aiki, ba ya busa taba, ba ya wanka da sabulu mai ƙanshi, wai hanci ma yana so a bar shi ya farka da kansa. Sai ya bi ta gefen gonar inabin, ya sauka matakala goma sha bakwai zuwa ɗakin ƙasa inda ake ajiye giya, ya tsaya a ta ƙarshe ya ja numfashi. Da wannan numfashi ɗaya yake sanin ko wata ganga ta yi yoyo, ko sanyin ɗakin ya ragu. Shekara arba'in da huɗu ke nan yana wannan sauka, gwiwoyinsa kuwa sun daɗe da fara ƙorafi.

Juma'ar da ta wuce ya yi saukarsa ta ƙarshe. Ni da na koyar da 'ya'yan gonar nan har na tsufa, na ga mutane da yawa an sallame su da agogon bango da tafi, washegari an manta da su. Na gaji da ganin haka. Shi ya sa na ce bari in rubuta nasa, ko da mutum goma ne za su karanta.

Jar giya mai kyau ba a gama ta ranar da aka matse inabi. Sai ta yi shekara biyu cikin gangar katako, katako yana shan kaɗan, iska tana shan kaɗan, Oom Awie yana bi da butarsa yana cikawa. In an ɗura ta a kwalba, sai a kwantar da ita a duhu, wata shekara goma, wata ashirin. Kafin kowane rukuni ya bar ɗakin ƙasa, sai ya buɗe wasu daga ciki ya shinshina, ya kurɓa. Wadda ya yarda da ita, ya ja mata layi ɗaya da alli a gindi. Wadda ta mutu, layi biyu. Masu saye daga Cape Town har ƙetare ba su san sunansa ba, sunan gona ne a jikin kwalbar, amma dai sun san layin allin nan, kuma shi suke dubawa kafin komai.

Duk tsawon shekarun nan ko ɗigo ɗaya bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba. Ya kurɓa, ya jujjuya a baki, ya tofar a bokiti. Masu tsinkar inabi sun sha tsokanarsa.

"Haba Oom, ko a kuskure? Ba mai gani fa."

"Harshena na ba gona haya," in ji shi. "Cikina nawa ne."

Kowa a jerin gidajen nan ya san dalili. Ubansa ya yi aiki a zamanin da ake biyan ma'aikaci wani ɓangare na ladansa da giya, gwangwanin kifi guda cike, sau biyar a rana, tun daga fitowar rana. Awie yana da shekara goma sha biyar aka tsinci gawar uban a kwalbati, bai kai hamsin ba. Yaron ya shiga ɗakin ƙasa don babu wani aikin, ba don yana so ba. A can aka gano Allah ya ba shi hancin da babu irinsa a duk kwarin nan na bayan garin Paarl.

Kai ne, Oom Awie, ka yi rayuwarka kaf cikin abin da ya kashe ubanka, kana lallashinsa kamar mai renon ɗan maƙiyinsa, ba ka taɓa yi masa mugunta ba, bai kuma taɓa cin ka ba.

Tsofaffin ma'aikata har yanzu suna ba da labarin giyar 1998. Shekarar an yi zafi, inabin ya fito ƙanana, fatarsa da kauri. Da aka ɗanɗana giyar a ganga, baƙa ce wuluk, baurinta yana kama harshe ya busar da dasashi, har mutum ya ji haƙoransa sun yi kaushi. Tsohon maigidan, mahaifin Mevrou Elsabé, wato uwargida Elsabé, wadda ke riƙe da gonar yanzu, ya tofar ya ce a sayar da ita a tanki ga masu haɗa ta arha. Oom Awie, wanda ba a taɓa jin ya yi masa musu ba, ya cire hula ya ce:

"Ba lalacewa ta yi ba, maigida. Fushi take yi. A ba ta lokaci ta huce."

"Lokaci nawa?"

"Ni da kai ƙila ba za mu gani ba."

Tsohon ya zage shi tas, sannan ya bar masa ganga ɗaya. Kwalba ɗari uku aka samu, aka kwantar da su a lungun da ya fi duhu. Da suka shekara goma Oom Awie ya buɗe ɗaya, ya ce ta fara saki amma har yanzu tana ɗaure fuska. Da suka shekara ashirin ya ce saura kaɗan. Maigidan bai kai wannan ranar ba.

Zan faɗi abin da wasu suke so in ɓoye, domin in na ɓoye shi jinjinar ta zama ta banza. Shekara biyu da suka wuce Oom Awie ya kwanta da korona. Ya tashi, amma hancinsa bai tashi ba. Ya dawo aiki, ya tsaya a matakala ta ƙarshe ya ja numfashi yadda ya saba, bai ji komai ba sai sanyi. Bai gaya wa kowa ba.

Griet Fortuin ce ta gane. Griet mai wankin ganguna ce, shekararta hamsin da huɗu, ashirin da ɗaya daga ciki ta yi su tsaye cikin ruwa da takalmin roba. Ta ba ni labari cewa ɓera ya mutu a bayan ganguna, ɗakin ya ɗauki wari, Oom Awie ya wuce ta wurin kwana uku ko tsaki bai yi ba. Ta ɗauke gawar ta jefar, ta ja bakinta ta yi shiru. Daga ranar, duk lokacin da zai ɗanɗana giya sai ya miƙa mata kofin ya ce ta riƙe masa, zai ɗaure igiyar takalmi, ko zai nemo alli. Ita kuma ta kai kofin kusa da hanci kamar ba da gangan ba. Shi yana kallon fuskarta ta gefen ido. In girarta ta kwanta, layi ɗaya. In ta ɗan yamutsa hanci, layi biyu.

"Oom Awie," ta ce masa wata rana, "wannan takalmin naka da kullum yake kwancewa, mu saya maka mai maɓalli mana."

"Riƙe kofi dai, uwar surutu."

Haka suka yi shekara biyu, ba wanda ya taɓa kiran abin da sunansa. Ana yaba masa, ita tana wanke ganguna. Ya gaya mini abinci ma ya daina shiga, ba don ya daina jin ɗanɗanonsa kaɗai ba.

Al'adar ɗakin ƙasa ce, in kwalba ta shekara ashirin da biyar matoshinta ya tsufa, sai a buɗe kowace, a shinshina, a cike abin da ya ragu daga wata 'yar'uwarta ta shekarar da aka ware don hakan, a sa sabon matoshi, a ja layin alli. Mevrou Elsabé ta haɗa wannan aiki da ranar sallamarsa. Ta gayyato manyan masu saye da wani ɗan jarida, mu ma aka ce mu sauko. An riga an yi magana da wani mai digiri daga jami'ar Stellenbosch da zai karɓi ɗakin a wata mai zuwa. Griet kuwa an tura ta sama wankin kofuna.

Ana ruwa a waje, ɗakin ya yi sanyi. Oom Awie ya zare matoshin kwalbar farko a hankali, ya fito lafiya bai karye ba. Mevrou Elsabé ta zuba da hannunta ta miƙa masa, ta ce wa baƙi ga mutumin da ya hana mahaifinta zubar da wannan giya. Ya ɗaga kofin ga fitila. Launin ya yi kyau, ja mai duhu a tsakiya, bakin-bakin ya koma ruwan jan bulo. Ya duba inda Griet ta saba tsayawa, babu kowa.

Da ya so, da ya wuce lafiya. Maganganun shekara arba'in da huɗu suna bakinsa, ba wanda zai kama shi. Da sai ya ja layinsa, ya karɓi agogonsa, ya hau matakala da sunansa cif. Ina kallonsa. Ya kai kofin hanci, ya daɗe, sannan ya sauke.

"Mevrou, ban ji komai ba."

Ta ɗauka giyar ce ta mutu, fuskarta ta faɗi.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Ni ne. Hancina ya tafi tun ciwon nan. Duk layin da na ja a shekara biyun nan, a fuskar Griet na karanta shi."

Wani mai saye ya yi gyaran murya. Mevrou Elsabé ta yi ja har kunnuwa.

"Oom Awie, me ya hana ka gaya mini?"

"Tsoro. In babu hancin, wane ne ni a nan? Tsoho mai ciwon gwiwa." Ya share baki da bayan hannu. "A kira ta, Mevrou. Na gaji."

Griet ta sauko da hannu jiƙe, tana gogewa a jikin rigar aikinta, a zatonta wani kofi ta fasa shi ya sa ake kiran ta. Ya miƙa mata nasa, wannan karon bai sunkuya ga takalmi ba. Ta shinshina ta kwalbar farko, ta gyaɗa kai. Ta biyu ma haka. A ta uku ta yamutsa hanci ta ce wannan warin jiƙaƙƙen kwali take yi, matoshi ya ci amanarta. Mai sayen da ya yi gyaran murya ya karɓa ya shinshina, ya sake shinshinawa, sannan ya ajiye kofin. Oom Awie ya ciro guntun allin daga aljihu ya sa mata a tafin hannu, ita ta ja layi biyun.

Sun yi aikin har la'asar. Kwalba sha ɗaya suka mutu, sauran suna da rai. Da aka gama cike-cike, ɗan kaɗan ya rage a gindin kwalbar ƙarshe da aka ware. Baƙi sun hau sama cin abinci. Oom Awie yana zaune a kan akwati yana murza gwiwa, sai ya zuba ragowar a kofi ya miƙa wa Griet.

"Gaya mini yadda ta zama."

Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta tofar a bokiti yadda ta ga yana yi.

"Baurin ya tafi, Oom. Ta yi laushi, ba ta kama harshe. Da farko busasshen ɓaure ake ji, sai ganyen taba, sai wani abu kamar tsohuwar jakar fata. Can ƙasa kuma akwai ƙanshin ƙasar gonar nan in an yi ruwan farko." Ta motsa baki. "Na tofar amma har yanzu tana nan, ba ta tafi ba."

"Ta huce ke nan."

"Ta huce, Oom Awie."

Ya gyaɗa kai, ya cire hular ulun ya rufe fuska da ita. Shekara ashirin da biyar ya jira wannan giya, ta zo, ba ya nan. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ban san abin da za a yi da Griet ba. Maganar mai digiri ba a janye ta ba tukuna, sai dai allin yana aljihunta har yau, kuma ba wanda ya ce ta mayar. A jerin gidaje wasu suna cewa tsohon ya zubar da mutuncinsa a banza, saura awa uku ya tafi da shi. Ni dai na ce su faɗi abin da suke so.

Kai ne, Oom Awie, mai layi ɗaya, ka tsare ɗakin duhu shekara arba'in da huɗu ba wanda ya san sunanka. Ka ji tsoro shekara biyu, kamar yadda kowannenmu zai ji, ka ci yabon da ba naka ba. Amma ranar da ya fi sauƙi ka yi shiru, ranar ka buɗe baki, a gaban waɗanda ka fi jin kunya. Mun gode da 1998, mun gode da bokitin da ba ka taɓa ƙetarewa ba, mun fi godiya da Juma'ar nan. Allah ya huta gajiya, ya sassauta maka gwiwoyin nan.

Ku kuma da kuke karantawa, kowa ya duba wurin aikinsa. Akwai wanda ya daɗe yana riƙe muku kofi kuna ɗaure takalmi. Ku kira shi ya sauko tun kuna da sauran ƙarfi, ku faɗi sunansa a gaban mutane.

Jiya da safe na wuce ta ƙofar gidansa. Yana zaune a dakali da kofin gahawa, karo na farko da ya sha ta da safe tun yana saurayi. Na tambaye shi yaya take.

"Da zafi," in ji shi.