Hashimu, Sun Goge Aikinka Kafin Sadakar Bakwai

Shekara tara da wata huɗu ke nan rabona da Talata Mafara. Ina nan Fatakwal, a rumfar da nake gyaran waya da kwamfuta, aka bugo mini ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, cewa Allah ya yi wa Malam Hashimu mai kwamfuta rasuwa bayan jinyar kwana shida. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hashimu, na so in rubuta maka magana mai sanyi. Na kasa.

Wanda bai san ka ba zai ce mai buga takardu ne kawai a bakin kasuwa. Amma tun da mutane suka fara baro ƙauyuka a guje, daga yankin Maradun da Bakura, kai ne kake tare su ka ce su kawo takardar gona, da ta haihuwa, da ta makaranta, ka ɗauki hotonsu ka adana. Inda babu takarda, ka hau babur ka bi tsofaffi gona gona, ka naɗi muryarsu suna faɗin iyaka: daga tsamiyar nan zuwa bakin kwari, gonar wane ce. Kowane ƙauye da foldarsa. Ba wanda ya sa ka, ba wanda ya gode maka.

Kullum kana cewa, "Barau, abu guda babu ne. Biyu shi ne guda." Shi ya sa kake da kwafi uku: na cikin kwamfuta, na faifan ajiya a shago, da na uku a wani faifan da kake naɗewa cikin safa ka cusa a gwangwanin madara, ka ba direban albasa ya kawo mini duk shekara. Ina yi maka dariya, kana cewa in yi ta yi.

To, ga abin da aka yi maka. Ba a yi sadakar bakwai ba, ƙanenka Mukhtar ya sayar da kwamfutar da faifan shago ga masu tura wa mutane finafinai a waya. Suka share komai, suka cika su da raye-raye. Abin da aka goge kawai ana iya tono shi. Wanda aka danne da wani abu, ya tafi ke nan. Aikin shekara takwas, Hashimu. Ban ce Mukhtar mugu ba ne, marayu biyar ka bar masa. Amma lambata tana manne a bangon shagon, da rubutunka, a kan kalmar "ajiya". Waya ɗaya ta ishe shi. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Yaya Barau, ai na ɗauka tarkace ne." Manyan garin da suka cika tabarma wurin zaman makoki suna yabonka kuwa, babu ɗaya da ya ce ina takardun talakawa.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ka ce in riƙa jona faifan duk wata, in kuma sake kwafe shi. Na jefa shi a akwati ƙarƙashin gado, a ɗakin da ke yoyo, a garin da ruwan sama ba ya hutawa. Wata goma ban buɗe ba.

Ranar Asabar Iya Marka ta sa aka kira ni. Ita ce tsohuwar nan da ta baro ƙauyensu da jikoki uku bayan an kashe mata ɗa. Yanzu ta ji wani ya fara huɗa a ɓangaren yamma na gonar mijinta, ya ce nasa ne, kuma maigarin da ya san iyakar ya rasu bara.

"Ɗan nan," ta ce, "an ce kai ad da sauran kayan Hashimu. Muryar maigari na nan? Ita ɗai gare ni."

Na ce mata zan duba. Kwana goma sha ɗaya na rufe rumfa ina lallaɓa faifan nan, yana ƙara kamar tsohon agogo, ina kwashe fayil ɗaya bayan ɗaya zuwa sabo.

Allah ya jiƙanka, Hashimu, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka adana wa bayinsa ka tarar da shi cikakke a wurin da ba a gogewa. Ina miƙa ta'aziyya ga uwargida Kausar da yara, da Mukhtar duk da fushina, da mutanen Mafara, Bakura da Maradun. Allah ya ba mu haƙuri, ya yafe mini sakacina.

Ga abin da na iya cetowa, kuma na yi masa kwafi uku. Cikin fayil 6,340, guda 4,118 sun buɗe. Ƙauye 31, sha tara sun fito cikakku. Muryar maigarin su Iya Marka minti goma sha ɗaya ce, bakwai sun dawo. Ya faɗi iyakar gonarta ta gabas, ya faɗi ta kudu, ya faɗi ta arewa. Yamma ce ruwan ɗakina ya ci.

Barau Sambo Dakko
Fatakwal