Koren Wuri a Hoton Betso

Har yau ban manta da ranar da na kusa sa a haƙa rijiya a kan kabari ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ina mataimakin mai safiyo, wato mai awon ƙasa, a sashen samar da ruwa, a nan Mubi. Tsarinmu shi ne, kafin injin haƙa burtsatse ya fita, sai mu duba hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Hoton rani muke nema. Inda ya yi kore alhali ko'ina ya bushe, muna kyautata zaton ruwa yana kusa. Daga nan a je a gwada ƙasa, a tambayi mutanen wurin, sannan a kafa turke.

A hoton wata unguwa ta Betso mun ga wani ɗan wuri kore shar a gefen gona. Injiniyanmu ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Malam Buba, ga ruwa nan yana kiranmu. Je ka kafa turke, inji zai biyo ka jibi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gwajin ƙasa fa?"

Ya ce, "Damina ta matso. Hoto ba ya ƙarya."

Ni ma, gaskiya, na ji daɗin ragin wahala. Na hau babur, na bi lambar da na'ura ta nuna mini har wurin. Zogale ne da lalle da wata 'yar gwaiba, an kewaye su da duwatsu. Ko mai unguwa ban nema ba. Na ɗaga guduma ke nan sai ga wata tsohuwa da jarka a ka, tana haki. Daga baya na san sunanta Mama Rifkatu.

Ta sauke jarkar ta ce, "Ɗana, me kake bugawa?"

Na yi mata bayani da fara'a, har da nuna sama, wai na'ura ta hango ruwa a nan.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ruwa ba ya nan. Ni ce nake kawo shi daga mayo, rafin can, safe da yamma. Iliyana yana ƙasan ƙafarka."

Innalillahi! Iliya ɗanta ne, malamin makaranta. A shekarar da rikici ya sa mutane suka watse daga gidajensu, ciwo ya kashe shi a hanya, babu halin kai shi makabarta. Maƙwabtansu Musulmi biyu ne suka taya ta binne shi a gonar. Tun da ta dawo take shuka a wurin, take shayarwa, don kada garma ta bi ta kansa.

Na cire takalmina, na ja da baya. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Da na koma ofis na ce wa injiniya, "Ranka ya daɗe, ko za a kore ni, inji ba zai taɓa wurin nan ba." Ya ji labarin, ya soke fitar injin da hannunsa. Muka yi gwaji yadda ya kamata, muka haƙa can kusa da hanya. Mun sha wuya kafin ruwa ya fito, amma ya fito.

Injiniya bai yi kuskure ba da ya ce hoto ba ya ƙarya. Kore ya gani, kore ya nuna. Wanda ya yi ban-ruwan ne bai sani ba, wannan kuwa sai ka sauka daga babur ka gaida mutane ka tambaya. Kada ɗayanku ya kafa turke bai yi haka ba.

Mama Rifkatu ta rasu kafin in yi ritaya. Da sabon hoton rani ya zo, na daɗe ban buɗe ba, ina tsoron in tarar wurin ya bushe. Na dai daure na duba. Yana nan kore. Na tambayi mai unguwa, ya ce matan da ke ɗiban ruwa a burtsatsen ne, kowace sai ta ratse ta zuba wa Iliya kwano ɗaya kafin ta wuce gida.