Ƙarfen da Kaka Ya Ɗanɗana

Ɗazu mai sayen gwangwan ya wuce ta ƙofar gidanmu a Zango, sai Kaka ya faɗo min a rai. Maƙeri ne, kuma ba ya faɗin sunan ƙarfe sai ya ɗanɗana shi.

Daminar da aka ƙaddamar da Shari'a, garmata ta tono wani ɗan ƙarfe a gonarmu, ya yi kore shar. Na ce kan bel ɗin soja ne. Kaka ya goge shi da toka da tsamiya, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido.

"Tagulla ce, ƙirar hannu. Ƙarfen majayin raƙumi ne, na fataken gishiri. Ya girmi kakana." Ya miƙa wa yayana. "Kai ne babba. Amana ce."

Kwana bakwai da rasuwar Kaka na tambayi Yaya ƙarfen. Yaya ko kallona bai yi ba.

"Wannan tarkacen? Na haɗa da gwangwanaye, an ba mu roba."

Robar tana nan, kaji ke shan ruwa a ciki. Har yau ban iya taɓa ta ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kaka, Ya ɓoye maka wannan labari.